Kafin ka ba wa ɗan'uwa aikin shinge a Kalifoniya

Duk mutumin namu da ya sayi gida a nan Kalifoniya, ko ba jima ko ba daɗe sai maganar shinge ta taso masa. Gidajen unguwanni irin tamu a gefen Sacramento da katako aka kewaye bayansu, katako kuwa yana da wa'adi. Ginshiƙin da ke binne shi ke fara ruɓewa, daidai inda kankare ya ƙare a bakin ƙasa, inda ruwa ke kwanciya. Kana ganin shinge tsaye ƙyam alhali gindinsa ya daɗe da zama gari. Namu guguwar farkon watan Janairun 2023 ce ta tona masa asiri, lokacin da ruwa da iska suka yi ta dukan garin har manyan bishiyoyi suka riƙa tumɓukewa suna faɗa wa motoci da rufin gidaje. Gari na wayewa muka tarar da bayan gidanmu da na maƙwabciyarmu sun zama fili ɗaya.

Tun daga lokacin, duk wanda zai yi shinge a cikinmu sai ya kira ni, kuma tambayar ɗaya ce: "Malam, sai an nemi izini?" Na san inda tsoron ya samo asali. Wanda ya tashi a Kano ya saba ganin jan fentin KNUPDA, hukumar tsara birnin, a jikin katangar mutane, don haka hukuma ce abin da ke fara zo masa a rai. A nan kuwa ɓangaren izini shi ne mai sauƙin. Takardar da ke da nauyi ita ce ta mutumin da zai riƙe guduma, ita ce kuma mutanenmu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Bari in sallami maganar izini tukuna. Kundin dokokin gini na jihar ya cire shingen da tsayinsa bai wuce ƙafa 7 ba daga cikin abubuwan da ake nemar wa izinin gini. Shingen bayan gida da aka saba yi ƙafa 6 ne, ke nan yawancinmu ba za mu cika fom ba balle mu biya ko sisi. Sai dai rashin buƙatar izini bai ba ka damar yin yadda ka ga dama ba, domin kowane gari yana da tasa dokar tsarin unguwanni, kuma ita ce ke yanke tsayin da aka yarda a kowane ɓangare na filinka. A gaban gida, mafi yawan garuruwa ba sa barin shinge ya wuce ƙafa 3 zuwa 4. Idan gidanka a kan kwana yake, akwai kusurwar da dole ka bari a buɗe don direban da ke fitowa ya hango wanda ke tahowa. Idan katangar bulo kake so, garuruwa da yawa suna neman izini tun ba ta kai ƙafa 7 ba, kuma a ƙasar da ke fama da girgizar ƙasa ban ga laifinsu ba. Katangar da ke tare tudun ƙasa ita ma da ta haura ƙafa 4, a auna daga ƙasan fandisho, sai da izini. Mai wurin ninƙaya a bayan gida kuwa nasa babin daban ne: shingen da ya kewaye ruwan sai ya kai inci 60, ƙofarsa ta riƙa rufe kanta tana kulle kanta saboda yara.

A gidanmu tsayin ne ya jawo muhawara. Uwargida ta ce tunda dai za a sake, a yi shi ƙafa 8, ta samu ta riƙa shanya da zama a tsakar gida ba tare da ta nemi mayafi ba. Hujjarta mai ƙarfi ce, kuma na lura kusan kowane gidan Musulmi a nan da wannan buƙatar yake fara lissafi. Na je ofishin tsare-tsaren gari da hoton filinmu a waya. Ma'aikaciyar ta juyo da allon kwamfutarta ta nuna mini taswirar layinmu, ta ja yatsa daga kusurwar gaban gidan zuwa titi ta ce nan gajere, ta zagaya baya ta ce nan ƙafa 6 na katako rufaffe, a ɗora ragar katako ta ƙafa 1 a sama idan ana so. Ta ƙara da cewa ragar ma ana lissafa ta cikin tsayi, domin mutane da yawa suna ɗauka ado ce kawai. Hirar ba ta ɗauki lokacin shan shayi ba, kuma kyauta ce. Da na kawo wa uwargida labari ta ce, "To ai shi ke nan, Abban yara, dama gidan da ke bayan na maƙwabciya bene ne, ko ƙafa 10 aka yi suna ganinmu." Daga baya inabi ta dasa ya hau ragar.

Wanda unguwarsa ke ƙarƙashin ƙungiyar masu gidaje, wato HOA, ya nemi amincewarsu a rubuce kafin ya sayi ko ƙusa ɗaya. Su har launi da irin katako suna da ta cewa a kai. Layinmu ba mu da su, alhamdu lillahi.

Yanzu ga inda nake so a tsaya. Ranar Juma'ar da ta biyo bayan guguwar, bayan an sallame, wani matashi namu ya riƙe mini hannu a bakin masallaci. Kafinta ne na gaske, a gida ya koyi sana'ar tun yana yaro, na ga kabad ɗin da ya haɗa wa wani abokinmu, ba ka ganin bakin ƙusa ko ɗaya. Ya ce, "Yaya, don Allah kada ka kai wa kamfani kuɗinka. Ni da abokina, Asabar da Lahadi mun gama maka, rabin abin da za su caje ka." Na ce masa, "Ƙanena, hannunka ba na shakkarsa. Kana da lambar lasisi?" Ya yi dariya ya ce ai shinge ne, ba bene ba.

A dokar Kalifoniya shinge ma kwangila ce. Akwai hukumar ba 'yan kwangila lasisi ta jiha, CSLB, wadda aka kafa tun 1929, hedikwatarta ma a nan Sacramento take. A lokacin da muke wannan magana, duk aikin gini ko gyaran gida da kuɗinsa ya kai dala 500, a haɗa kayan aiki da ladan hannu, sai mai lasisi. Daga 1 ga Janairun 2025 an ɗaga iyakar zuwa dala 1,000, bisa sharaɗin aikin ba ya buƙatar izinin gini kuma mutumin shi kaɗai zai yi, bai ɗauki kowa aiki ba. Ka lura da "ni da abokina" ɗin nan, ita kaɗai ta isa ta fitar da shi daga rangwamen. Kuma katakon shingen baya kaɗai, kafin a zo maganar siminti da ƙusa da ladan aiki, yakan haura wannan adadi. Dabarar yanka aiki gida-gida, a ce yau gefen hagu, mako mai zuwa gefen dama, kowanne da rasit ɗinsa, dokar ta riga ta toshe ta.

Mu a tunaninmu taimako ne ka ba wa naka aiki. Ga abin da kake jefa shi ciki. Yin kwangila ba lasisi laifi ne da a karon farko zai iya jawo tarar da ta kai dala 5,000, ko zaman gidan yari har wata 6, ko duka biyun. A karo na biyu akwai ɗaurin kwana 90. Idan kuma gyaran ɓarnar wani bala'i ne a yankin da aka ayyana dokar ta-ɓaci, kamar yadda gwamna Newsom ya ayyana a kan guguwar nan, ana iya ɗaukar abin a matsayin babban laifi. Hukumar tana da jami'an da ke yin shigar masu gida, su kira masu talla a intanet su zo su yi farashi, kana faɗin kuɗi a miƙa maka sammaci. Ga mutumin da takardun zamansa ba su gama daidaita ba, ko yake jiran zama ɗan ƙasa, wannan ba tabon da za ka so masa ba ne saboda ka rage dala dubu ɗaya ko biyu.

Akwai kuma wani sashe na dokar, mai lamba 7031, da har yau idan na tuna shi sai in ji ya yi tsauri. Wanda ya yi aiki ba lasisi ba shi da ikon kai ƙara idan aka hana shi kuɗinsa. Bai tsaya nan ba: wanda ya ba shi aikin yana iya zuwa kotu ya karɓe duk abin da ya biya, ko da aikin ya yi kyau babu inda za a kushe, shingen kuma ya ci gaba da zama nasa. Mai tsoron Allah ba zai ci gumin wani ta wannan hanya ba, na sani. Amma shingen iyaka ba naka ba ne kai kaɗai. Idan maƙwabcinka ma ya biya shi rabi, shi zumuncin masallacinmu bai ɗaure shi ba.

Kai ma mai gida ba ka tsira ba. Dokar ƙwadago ta jihar tana ɗaukar wanda ya yi maka aikin da ke buƙatar lasisi alhali ba shi da shi a matsayin ma'aikacinka, kai ne ubangidansa. Na tsaya na kalli yadda ake haƙa ramin ginshiƙi a ƙasar nan tamu mai tauri. Inji ne mai dogon haƙori murɗaɗɗe da ke juyawa yana huda ƙasa, mutum biyu ke riƙe shi. Da haƙorinsa ya cafki saiwar bishiya, sai injin ya daina juya ƙasa ya koma juya masu riƙon. A gabana ya fizge wani ƙato har sai da ya durƙusa. Idan wuyan hannu ya karye a filinka, asibitin Amurka ba ya jin "Allah ya kiyaye gaba", kuma ba lallai ne inshorar gidanka ta ɗauki nauyin ba.

Idan kai da kanka za ka kafa shingenka, doka ba ta hana ka ba, mai gida ba ya buƙatar lasisi don ya yi aiki a gidansa. Inda ake faɗawa rami shi ne a ce "ni nake yi" a baki, a fili kuwa wasu ne ke yi ana biyansu.

Lasisin shinge sunansa C-13. Na magina bulo da dutse C-29 ne. Kafin a ba mutum sai ya nuna shekara 4 na ƙwarewa a sana'ar cikin shekara 10 da suka wuce, ya ci jarrabawa biyu, ɗaya kan sana'ar ɗaya kan doka da harkar kasuwanci, a ɗauki hoton yatsunsa, ya kuma ajiye takardar lamuni ta dala 25,000 wadda wani kamfani ya tsaya masa. Wannan lamunin ne wanda aka cuta zai iya nema a biya shi daga ciki. Kada a ruɗe ka da takardar rajistar kasuwanci ta gari, wadda ko mai sayar da kayan miya yana da ita. Wasu ita suke nunawa idan ka ce lasisi.

Dubawar ba ta da wuya. Doka ta tilasta wa ɗan kwangila ya sa lambarsa a tallarsa da takardar yarjejeniyarsa da jikin motar aikinsa. Ka shiga shafin CSLB ka buga lambar, zai fito maka da sunan mai ita, ko tana aiki ko an dakatar da ita, nau'inta, kamfanin da ya tsaya masa, da matsayin inshorar diyyar ma'aikatansa. Layin ƙarshen nan shi nake so ka karanta a hankali. Cikin waɗanda suka zo yi mana farashi akwai wani mai fara'a da ya ce zai zo da yaransa huɗu su gama a yini ɗaya. Da na duba, sai na ga ya shaida wa hukuma cewa ba shi da ma'aikaci ko ɗaya, don haka aka ɗauke masa inshorar. To yaran huɗu na waye idan ɗaya ya ji ciwo? Wani kuma lambarsa tana aiki sarai, amma C-33 ce, ta masu fenti. Ka kuma tabbata sunan da ke shafin shi ne na mutumin da ke tsaye a gabanka ko kamfaninsa, domin aron lamba ba baƙon abu ba ne.

Wanda muka ba wa aikin ba shi ne mafi arha ba. Abin da ya ja ni gare shi, da ya zo bai fara da farashi ba, sai da ya tona gindin tsohon ginshiƙi da ƙafa ya nuna mini inda ruwa ke taruwa, ya ce zai sa ginshiƙan ƙarfe a lulluɓe su da katako, ya kuma ɗaga kankaren ya yi masa gangare don ruwa ya riƙa zurarewa. Duk wannan ya shiga takarda: tsawon shingen, irin katakon, tazarar ƙafa 8 tsakanin ginshiƙai, zurfin rami, wanda zai kwashe tsohon katako, ranar farawa da ta gamawa.

Maganar kafin alƙalami ita ce ta fi ba mutanenmu mamaki, domin mun saba mai aiki ya ce a ba shi kuɗin kaya tukuna. A nan doka ta ce kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin ko dala 1,000, wanda ya fi ƙanƙanta a ciki. Aikin dala 4,000 kafin alƙalaminsa dala 400 ne, ba ƙari. Bayan haka ba a biyan abin da ya wuce aikin da aka riga aka yi ko kayan da aka riga aka sauke a gidanka. Duk wanda ya ce sai ka ba shi rabi kafin ya fara, ko bai san dokar sana'arsa ba, ko ya sani ya ga kai ne ba ka sani ba. Idan a gidanka aka sa hannu, kana da kwanakin aiki 3 da za ka iya fasawa, wanda ya kai shekara 65 kuma kwana 5 gare shi. Ka biya da cek ko ta banki. Na san rangwamen "idan tsaba ce zan rage maka" yana da daɗin ji, amma tsabar kuɗi ba ta barin sawu.

Wata takarda kuma za ta iya zuwa maka ta gidan waya daga kantin da ya sayar wa ɗan kwangilar katako, tana cewa suna da haƙƙin ɗora bashi a kan gidanka idan ba a biya su ba. Kada gabanka ya faɗi, sanarwa ce da doka ta ce su aiko cikin kwana 20. Amma ma'anarta gaskiya ce: kana iya biyan ɗan kwangila tsaf, shi ya ƙi biyan kanti, bashin ya hau kan gidanka. Maganinsa kafin ka saki cikon kuɗi ka karɓi takardar da ke nuna an sallame su.

Sai maƙwabta. Jihar tana da doka ta 2013 da ta ɗauka cewa shingen da ke kan iyaka amfanin gida biyu ne daidai wa daida, don haka kuɗin ma rabi da rabi ne. Sharaɗin shi ne ka ba maƙwabci sanarwa a rubuce kwana 30 kafin ka kashe kuɗi, ka bayyana matsalar, da gyaran da kake nufi, da ƙiyasin kuɗi, da yadda za a raba, da lokacin aikin. Yana da damar ya nuna wa kotu cewa rabin ya yi masa yawa, misali idan ƙawa ce kawai kake so ko nauyin ya fi ƙarfinsa. Maƙwabciyarmu dattijuwa ce mai zaman fansho. Na kai mata takardar hannu da hannu, uwargida ta haɗa da kwanon dambun nama don kada abin ya yi kama da sammaci. Ta karanta tsaf da tabarau, ta ce ta yarda da shingen amma ragar sama ba ita ta nema ba. Gaskiyarta. Muka raba kuɗin ƙafa 6, ragar muka ɗauka mu kaɗai, muka rubuta haka a ƙasan takardar muka sa hannu. Iyakar ba ta zama abin gardama ba tunda a tsohon layin aka mayar, amma wanda zai matsar da shinge ko da taku ɗaya ne, ya kira safiyo, kada ya dogara da inda tsohon yake.

Kafin a haƙa rami ko ɗaya, a kira 811, lambar wayar da ake sanar da kamfanonin wuta da gas da ruwa da sadarwa don su nuna inda bututunsu da wayoyinsu ke binne. Kyauta ne, ana so a sanar aƙalla kwanakin aiki 2 kafin ranar, ban da ranar da aka kira. Mai haƙan ne ya kamata ya karɓi tikitin shaidar kiran da sunansa, kai dai ka nemi ya nuna maka lambar. Za a zagaye wurin da farin fenti, sannan kamfanonin su zo su yi alama: ja na wutar lantarki, rawaya na gas, shuɗi na ruwan sha, kore na bututun ƙazanta, ruwan lemo na wayoyin sadarwa. Inci 24 kowane gefe na alamar, da shebur ake tonawa, ba da inji ba. A bayanmu layin ruwan lemo ya bi gindin shingen tiryan-tiryan, ramuka da dama da hannu aka yi su, aikin ya ƙara yini. Bututun ban-ruwan ciyawa da ke cikin gidanka ba sa yi masa alama, wannan kai za ka nuna.

Matashin nan ya yi fushi da ni na ɗan lokaci, gaisuwa ma a tsaitsaye. Daga baya muka zauna muka buɗe shafin hukumar tare. Abin da bai sani ba shi ne ana karɓar lambar biyan haraji ta ITIN a madadin lambar da 'yan ƙasa ke amfani da ita, kuma matsalarsa ɗaya ce, samun wanda zai sa hannu ya shaida shekarunsa na aiki. Yanzu yana ƙarƙashin wani mai C-13, ana biyansa da cek ana cire haraji, yana ajiye kowace takardar albashi a cikin wata jakar leda. Ɓangaren doka da kasuwanci na jarrabawar ne ke ba shi ciwon kai, musamman lissafin harajin ma'aikata, don haka duk Lahadi bayan la'asar yakan zo da littafinsa mu yi awa ɗaya a kai.